Babi na Shida: Wankan da Ya Bi Hanyar Gabas

A shekarar 2017 ƙasar Finlan ta cika shekara 100 da samun 'yancin kai. Wasu mutum biyu 'yan asalin ƙasar da ke zaune a jihar Minesota ta Amurka suka ga babu abin da zai nuna wa baƙo ko su wane ne su kamar ɗakin wankansu. Sai suka sa aka ƙera musu ɗaki na katako, da murhunsa da duwatsunsa da bencinsa, aka ɗora shi a kan tirela, suka ɗaura wa mota. Tun daga watan Janairu suke jan ɗakin nan gari-gari. Duk inda jikokin Finlan suke da ƙungiya ko filin taro sai su yada zango, su hura wuta, su yi wa jama'a bismillah. Ba su sauke kaya ba sai a watan Disamba, a Washinton, daidai lokacin bikin ƙasarsu na ranar 6 ga wata.

Ɗakin nan shi ake kira sauna. Ana jibge duwatsu a kan murhu, a hura musu wuta har zafin ɗakin ya kai digiri 80, wani lokaci ya doshi 100. Mutum ya hau benci ya zauna, na sama ya fi na ƙasa zafi, ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa wa duwatsun. Nan take tururi ya turnuƙe, gumi ya karyo. Bayan minti goma ko sha biyar sai ya fita ya sha iska, ko ya sheƙa ruwan sanyi, ko ya faɗa tafki in akwai shi a kusa, sannan ya dawo. A lokacin da itatuwansu suka yi sabon ganye sukan yanko rassan wata bishiya mai farin ɓawo, su ɗaure su dami guda, su jiƙa, su riƙa fyaɗa wa jikinsu. Mai karatu ya riƙe zancen damin ganyen nan, domin za mu sake gamuwa da shi a gida.

Mutanen Finlan ba su wuce miliyan 5.5 da ɗoriya ba, amma ana ƙiyasta saunar ƙasar ta kai miliyan 3.3. Akwai ta a gidajen haya, akwai ta a masana'antu, har majalisar dokokinsu tana da tata. Kafin asibitoci su wadata, a sauna matansu suke haihuwa, saboda nan ne wurin da ya fi ko'ina tsabta da ɗumi da ruwan zafi a gidan manomi, kuma a nan suke yi wa mamaci wanka. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa 1982, a irin wannan ɗaki aka haife shi a shekarar 1900. A watan Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin kayan gadon 'yan Adam da ba a taɓa su da hannu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba sa barin ta a gida. Da 'yan wasansu suka je gasar Olamfik ta Balin a 1936, sai da aka gina musu sauna a masauki. Sojojinsu masu aikin wanzar da zaman lafiya sun gina ta a hamadar Sina'i, da tuddan Golan, da kudancin Labanan, inda kuma babu halin gini su kafa ta tanti. Ofishin jakadancinsu na Washinton yana gayyatar 'yan jarida da ma'aikatan majalisa su shiga ta cikin ginin ofishin. A garin Teuva na yammacin ƙasar har taro aka sha yi na saunar da ake ja da mota, kowa ya zo da irin ƙirarsa.

To, mene ne haɗin wannan da Madina, inda labarinmu ya dosa? Duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a birnin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san iskar da ke bugun fuska tsakanin otal da harabar Masallaci idan zafi ya haura digiri 45. Zai ce mai jawo ɗakin zafi zuwa nan ya kai wa mai rijiya ruwa. Amma zafin rana daban, wankan zafi daban, kuma Madina ta daɗe da sanin na biyun. A zamanin Daular Usmaniyya akwai gidajen wankan jama'a a birnin, irin waɗanda Larabawa da Turkawa ke kira hammam. Wanda ya fi shahara shi ne Hammam Taiba, a unguwar Zarwan, kudu da Masallaci. Ana hura wuta a ƙarƙashin daɓen dutse, zafi ya bi ta ƙasa ya ɗumama ɗakuna, mai wanka ya tashi daga mai sanyi zuwa mai ɗumi zuwa mai zafi. Ruwan sha da na wankan garin a wancan zamani daga Ainuz Zarƙa yake, magudanar da aka jawo daga wajejen Ƙuba tun zamanin Mu'awiya, lokacin Marwan ɗan Hakam yana gwamna. Malamai ba su bar hammam sakaka ba. Sun shardanta rufe al'aura da raba maza da mata, Imam Gazali ma ya keɓe wa ladubban shigarsa sashe a cikin littafinsa Ihya'u. Nan ne muka rabu da mutanen Finlan, waɗanda akasari tuɓe suke shiga tasu, ko da yake su ma a wuraren jama'a maza daban mata daban.

Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Masallaci sun tafi a ayyukan faɗaɗawa, musamman babban aikin Sarki Fahad da aka fara a 1985 aka kammala a 1994. Yau kowane ɗakin otal da bayinsa, ruwan famfo kuma mafi yawansa daga teku ake tace shi a Yanbu a turo shi ta bututu. Hammam ɗin dutse ya zama labari.

Sai dai akwai wani wankan zafin da ya iso Madina, wanda ba sarki ne ya gina shi ba, shi ya sa ba a iya rushe shi ba. A ƙafa ya zo, a cikin kayan matanmu.

Hanyar gabas tsohuwa ce. Alhazan ƙasar Hausa da Barno sukan bi ta tafkin Cadi, su ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, su tsallake Nilu, su isa Suwakin a bakin Bahar Maliya, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma da ƙodago don neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, hanyar ta cika da masu hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Wasu suka wuce har Hijaz, yankin Makka da Madina. Alfa Hashim, malamin nan Bafutanke da ya zama madogarar baƙin Afirka ta Yamma a Madina, a can ya rasu a 1931. Jikokin waɗannan matafiya su ne masu sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi da ake ji yau a makarantu da asibitoci da filayen ƙwallon Saudiyya. Shaihu Umar Fallata, wanda ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi, daga cikinsu yake.

Littattafan tarihi sun ba da labarin malamai da sarakunan tafiyar. Ba su cika tambayar yadda mace ta haihu a zango tsakanin Abashe da Fashir ba, alhali a tafiyar shekara biyar ko bakwai dole a yi haihuwa, ba sau ɗaya ba. Kuma Bahaushiya ba ta san haihuwa ba tare da wankan jego ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Tun da asuba ake ɗora babbar tukunya, a tafasa ruwa da ganye a ciki, darbejiya ko runhu ko tsamiya, gwargwadon abin da ƙasar ta ba da. Mai jego ta zauna a kujera 'yar tsugunno ko a kan turmi a kife, ungozoma ko wata dattijuwar gida ta tsoma damin ganye a ruwan ta riƙa fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi, tana danna mara. Safe da yamma, har kwana arba'in, 'yar fari ma wani lokaci a zarce. A bi da kunun kanwa mai zafi, da ƙauri, da gasasshen nama da yajin jego. A wasu gidajen, musamman a ƙasar Zazzau, har gadon ƙasa ake hura wa wuta a ƙarƙashi ta kwanta a kai. Dalilin duka ɗaya ne a wurin iyayenmu: jikin mai haihuwa ɗanye ne, in sanyi ya shige shi ya shiga ke nan. Wuta, ruwa, tururi, damin ganye, haihuwa. Mutanen Finlan da Hausawa ba su taɓa haɗa hanya ba, amma kayan aikin ɗaya ne. Ga kuma sirace, wanda kowane ɗan Hausa ya taɓa shiga: tukunyar ganye a gaba, bargo a lulluɓe, a yi ta shaƙa har zazzaɓi ko mura su sake.

Hanyar ba ta ɗauki kaya ta kai gabas kawai ba, ta dawo da wasu. A Sudan matanmu suka tarar da dukhan, inda mace ke lulluɓa da bargo ta zauna a bakin rami mai hayaƙin itacen ɗalha. Dilka da halawa da turaren tsugunno da masu gyaran amare ke tallatawa yau a Kano da Maiduguri, mafi yawansu ta wannan ƙofa suka shigo.

Na ga wankan jego a Madina a gidan wata gwaggona, wadda aka kai ta can tana goye. Gidan haya ne a hawa na uku, babu tsakar gida balle murhun duwatsu uku. Jikarta ce ta haihu, yarinyar da Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. A kan gas aka ɗora tukunyar da ake dafa shinkafar biki. Ganyen busasshe ne, wata alhajiya ta zo da shi daga gida tare da kanwa da kuka da daddawa, an jiƙa shi tun dare don ya yi laushi. Mata biyu suka kama kunnuwan tukunyar da tsumma suka shiga da ita bayi, aka juye a babbar roba, tururi ya rufe madubi da tayil. Kafin a taɓa yarinyar, tsohuwar ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta, ta cire, ta sa aka ƙara ruwan sanyi kofi uku, ta sake tsomawa.

Na ce, “Gwaggo, ai a gida ba a sirkawa haka.”

Ta ce, “'Yar nan, gyara na zo yi, ba fiɗa ba. Abin da gwiwar hannuna ba ta ɗauka ba, bayan jikata ba zai ɗauka ba.”

Ta yi wankan tana yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci, tana tambayar ta jini ya ragu, nono ya kawo, ta sami barci. Minti ashirin ɗin nan su ne kaɗai lokacin da aka karɓi jaririn daga hannun uwar aka juyo gare ta ita kanta. Wannan ɓangaren ne masu sukar al'adar ba sa lissafawa. Kwana arba'in ana duba mace sau biyu a yini, ana ciyar da ita nama, an ɗauke mata aikin gida. Ƙasashe masu arziki suna biyan ma'aikatan jinya su yi ɗan kaɗan daga wannan.

Amma masu sukar ba da ka suke magana ba. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Yawan cutar a Zariya ya kai kusan mace ɗaya cikin ɗari, abin da ba a san irinsa ba a mafi yawan duniya. Suka ɗora zargi a kan kanwa da zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini, ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki a lokacin da take farfaɗowa daga wahalar ciki. Asibitocin Arewa kuma sun sha karɓar masu jego da ƙuna a baya da gaba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ruwa ya fi iska isar da zafi ga fata nesa ba kusa ba. Mutum zai zauna a busasshiyar iska mai digiri 80 ya fito lafiya, amma ruwa mai digiri 60 yana saɓule fata cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Shekaru da dama maganar ta tsaya a nan, har ta zama karatun da ake biya wa ɗaliban likitanci. Sai a 2020 wani babban bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta ya fito, bayan an tattara bayanan mata 406 masu cutar daga asibitocin sassan Nijeriya. Cutar tana nan da yawanta a Arewa maso Yamma, amma binciken bai sami alaƙarta da wankan zafi ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wato talauci da hawan jini sun fi tukunyar wanka laifi. Wannan bai wanke tafasasshen ruwa daga ƙuna ba, bai kuma mai da kanwa abincin mai hawan jini ba. Abin da ya nuna shi ne mun yi shekara arba'in muna jin kunyar al'adar kafin mu auna ta da kyau.

Nan ne nake ganin mutanen Finlan sun sha gabanmu, ba a wankan kansa ba. Tun 1937 suke da ƙungiya mai kula da sauna da bincike a kanta. A yankin Kuopio an bi maza 2,315 kimanin shekara ashirin, aka buga a 2015 cewa masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Binciken maza ne masu matsakaitan shekaru, ba masu jego ba, don haka kada wani ya ɗauke shi hujjar ƙara wa tukunya itace. Kuma da abin ya wuce gona da iri sun san su tsaya. A garin Heinola an yi shekaru ana gasar wanda zai fi daɗewa a cikin zafi, har a 2010 wani ɗan Rasha ya mutu a ɗaki mai digiri 110. Daga ranar ba a sake yin gasar ba. Mutumin da ya san iyakar abinsa, ya san wa zai shiga da wa zai haƙura, shi ne yake iya ɗora shi a kan tirela ya kai wa baƙi ba tare da fargaba ba. Mu namu yana bayan gida, a hannun tsofaffi, likita yana hanawa a asibiti, uwar miji tana tilastawa a gida, mai jego tana tsakiya ba ta da ta cewa.

Ba na fatan a jawo sauna Madina, ba na kuma fatan a mai da wankan jego abin nuni a filin taro. Sirrin mace ne, a ɗaki ya kamata ya tsaya. Abin da nake so a ɗauka daga masu tirelar nan shi ne a tsaya a kan al'ada da ilmi. Gwiwar hannun gwaggona ma'auni ce, amma za ta tafi da ita kabari, kuma jikokinta na Madina ba su koya ba. A Kano da Katsina da Maraɗi kuwa tsadar itace da gas da zaman gidan haya suna kashe wankan a hankali, ba tare da kowa ya zauna ya tace abin da ya kamata a riƙe ba.

Aikin ba mai wuya ba ne. Sassan koyar da unguwarzoma na Zariya da Kano da Sakkwato su zauna da tsofaffin da suka yi wa ɗaruruwan mata wanka, a rubuta yadda suke yi, a auna zafin ruwan da ma'auni, a fitar da iyaka da kowa zai gane. A faɗa a fili, a rediyo da wurin awo da makarantun Islamiyya, cewa wadda aka yi wa aiki, da mai hawan jini, da wadda ƙafafunta suka kumbura ko numfashinta yake sama-sama in ta kwanta, asibiti za a kai ta kafin a ɗora tukunya, kuma ba ita ba kanwa. A koya wa matasan ungozomomi wankan tare da awon jini, ta yadda mai zuwa gida safe da yamma za ta zo da damin ganye a hannu ɗaya, na'urar awo a ɗayan. Ɗalibanmu da ke karatu a Madina da iyalansu, da 'yan uwanmu da aka haifa a can, su nemi dattijan matan da suka rage a unguwanninsu su ɗauki bayaninsu tun suna da rai. Ke kuma da za ki yi wa 'yarki ko surukarki wanka a bana, ki tsoma gwiwar hannunki tukuna, in bai yi miki ba ki sirka.